Ka Rage Jakar da Na Cika Maka

Sanyuanli, Guangzhou

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ko da yake na san inda za ta same ka, tunda a kan jakarka zan ajiye ta. Za ka yi mamakin uban da yake gida ɗaya da ɗansa amma ya rubuta masa wasiƙa. Ka san halina. Sunan mahaifina gare ka, kai ne kuma na fari, in na zauna a gabanka maganar ba ta fitowa yadda na shirya ta. Biro ya fi yi mini sauƙi.

Jibi in Allah Ya kai mu za ka hau jirgin ƙasa zuwa Kunming. Za ku yi yawon duwatsu da abokan karatunka, ku riƙa kwana a tanti, daga can kuma ka zarce jami'a. Ba za ka dawo ɗakin nan ba sai an yi hutu. Shekarar da ka yi a wajena kana koyon yaren mutanen nan ta wuce kamar ba a yi ba.

Jiya bayan la'asar na ga ka gwada jakar da na shirya maka. Ka saɓa ta, gwiwarka ta lanƙwasa, ka dafa bango. Na tambaye ka ko ta yi nauyi, ka ce, "A'a Baba, babu komai." Daga baya na ji kana waya da jagoran tafiyarku. Sinancina na kasuwa ne, amma duk inda aka ambaci kilo kunnena yana kamawa. Na gane ya ce zai auna jakar kowa kafin ku shiga daji, wanda tasa ta wuce ƙa'ida ba zai bi su ba. Da ka fita sayen burodi na ɗora taka a kan sikeli. Ta kusa ninka abin da ya faɗa. Ka ji maganar da kunnenka, ka kashe wayar, ka zo ka zuba mini shayi, ba ka ce komai ba. Na san dalili. Ni na saya, ni na jera da hannuna, kai kuma ba za ka iya duban idona ka cire ko cokali ba. In muka tafi a haka, ko dai a tsayar da kai a bakin hanya abokanka su wuce, ko a tausaya maka a bar ka ka shiga, dutse ya tsayar da kai a inda babu mota. Saboda wannan nake rubutu.

Bari in ba ka labarin hawana na farko, wanda ban taɓa ba ka cikakke ba. Lokacin da likita ya ce jinina ya fara hawa, sai na tsiri hawa dutsen Baiyun duk safiyar Lahadi tare da Malam Isuhu, mutumin Maraɗin nan mai shago kusa da nawa. Wannan ba wani hawa ba ne, matakala ce da tsofaffi masu rediyo. Da Lao Liang, lawban ɗin, wato mai shagon da muke sayen jakunkuna a wajensa, ya ji labari, sai ya ce mu bi shi da abokansa duwatsun arewacin jihar nan mu kwana a can. Muka amsa.

A sana'armu gurbi a cikin kwantena asara ne. In ka gama loda katan-katan ka hangi wata 'yar kafa, sai ka cusa safa, ka cusa huluna, har sai ƙofa ta rufu da ƙyar. Wanda ya tura kwantena da iska a ciki dariya ake yi masa daga nan har Kano. Da wannan tunanin na shirya jakata. Na zaɓi wadda ta fi kowacce girma a shagon Lao Liang, na kuma ƙi barin gurbi. Tukunya, filas ɗin shayi, gwangwanayen kifi, buta, dadduma mai kauri, takalmi na biyu, babbar tocila, har da shadda ɗinkakkiya ko za a yi wata hidima. Wace hidima ce a kan dutse, har yau ban sani ba.

Da muka haɗu a bakin mota, Malam Isuhu ya zagaya ni yana duban jakar.

"Alhaji, wanga tahiya ce ko ƙaura? In ƙaura ce ka hwaɗi, in kira kamyo, babbar motar kaya."

Na ce masa tanadi ne, mutum bai san abin da zai tarar ba.

"Tanadi na da kyau," in ji shi. "Amma ka duba, ba mu zo da jaki ba. Kai ne za ka yi aikinai."

Lao Liang bai yi dariya ba. Ya ɗaga jakar, ya sauke, ya girgiza kai. Na tambaye shi ko akwai masu dako a hanya. Ya ce, "Meyo," wato babu. Na ce to keke ko babur fa? "Meyo."

Kafin azahar na zauna a kan wani dutse na kasa tashi. Numfashi ya ƙi isa, kafaɗuna sun mutu, ina ganin duhu-duhu. Abin da ya fi ciwon jikin zafi shi ne abin da ya biyo baya. Sai da aka buɗe jakar a gaban kowa aka rarraba kayana. Malam Isuhu ya ɗauki tukunya yana mita, Lao Liang ya ɗauki filas da tocila, wata mata da ta girme ni nesa ba kusa ba ta zuba gwangwanayen kifina a jakarta tana murmushi. Saboda ni ba mu kai inda suka yi niyyar kwana ba. Mutane sun ɗauki hutu daga aiki don su ga fitowar rana daga ƙololuwa, suka ƙare a wani kwari suna jin ƙamshin man zafin da nake shafawa.

Abin da nake so ka riƙe daga nan, Abba, duk abin da ka kasa ɗauka a daji wani ne zai ɗaukar maka, kuma shi ma da nasa. Jaka ita ake zaɓa a ƙarshe. Ka fara tara abin da ba makawa sai da shi, ka duba yawansa, sannan ka nemi jakar da zai shiga daidai. Babbar jaka tana kiran kaya. Wadda na sayo maka ta yi girma, ka bar ta. Ka ɗauki shuɗiyar da ke saman kwaba, wadda nake zuwa da ita yanzu. Tana da ɗamara mai laushi a ƙugu. Ka ɗaure ta sosai har ka ji nauyin ya sauka a ƙugunka, kafaɗa ta zama mai riƙo kawai. Abu mai nauyi ya zauna a tsakiya, jingine da bayanka. In ka gama ka ga gurbi ya rage, ka bar shi haka nan. Babu mai yi maka dariya.

Kuskurena na biyu a wannan tafiyar tufafi ne. Mu da muka tashi a Kano mun san auduga ce maganin zafi, kuma gaskiya ne a inda gumi yake bushewa. Zafin nan daban ne, ka gani da kanka, mutum ya fito daga wanka yana neman wani wankan. Na sa singileti da rigar auduga da wandon jins. Suka sha gumi suka yi nauyi, wandon ya goge mini cinya har na riƙa tafiya kamar wanda aka yi wa kaciya. Da muka tsaya iska ta taso, rigar nan jiƙaƙƙiya ta manne a jikina, na kama rawar ɗari a tsakiyar bazara. Ka ɗauki riguna biyu na yadin 'yan ƙwallo, masu saurin bushewa, ɗaya a jiki ɗaya a jaka. In kun sauka ka wanke ta jiki, ka rataye ta a bayan jaka washegari, rana ta yi aikinta kana tafiya. Wando mara nauyi, dogo, wanda zai rufe maka gwiwa a salla ya kuma kare ka daga ciyawa da ƙwari. Rigunan auduga da na ninke maka, da kaftanin, ka sa su a akwatin makaranta. Zan aika maka da shi ta mota, zai riga ka isa.

Takalmi kuma, a nan ina jin kunyar kaina ƙwarai, don na maimaita maka abin da ya cuce ni. Wancan karon samfuri na ɗauka a shago, sabo fil, babban but mai kama da na soja. Bai san ƙafata ba, ƙafata ba ta san shi ba. Ya yi mini bororo a dunduniya, bororon ya fashe, na dawo gida na yi kwanaki ina zuwa kasuwa da silifas. Ga shi kai ma na kawo maka sabon but jibi-jibin tafiya. Kada ka sa shi. Kambas ɗinka da kake gudu da shi ya fi, na duba ƙasansa, haƙoransa ba su cinye ba. Nauyin da ke ƙafa ya fi na baya gajiyarwa, don kowane taku sai ka ɗaga shi. Safa ce ba na so ka yi wa rowa. Ka ɗauki masu kauri waɗanda ba na auduga ba, ka riƙa canzawa, kuma da zarar ka ji wani wuri ya fara zafi ka tsaya ka manna filasta. Kada ka ce sai an kai masauki.

Yanzu ga inda nake tsoron kada ka fahimce ni a karkace. Bayan wannan abin kunyar na yi fushi da kaya. Da Lao Liang ya sake gayyatarmu, na ce wannan karon za su ga mutum. Na zubar da kusan komai. Rigar ruwa ma na bar ta, na ce ai gari garau yake. Na sayi wani tanti mara nauyi a wajen wani mai rumfa, an rubuta a jikinsa ruwa ba ya shiga. Ni da nake zuwa masana'anta ana tambayata abin da nake so a buga a jikin kaya, ni ne na karanta rubutu na yarda. Malam Isuhu ya ɗaga jakar da yatsa biyu.

"Bara ka zo da gida duka, bana ka zo da aljihu. Kai Alhaji ba ka san tsakiya ba?"

Da la'asar hadari ya haɗu cikin ɗan lokaci, irin na ƙasar nan da ba ya sallama. Kafin in kafa tantin na jiƙe har ƙashi, da na kafa shi kuma ruwa ya riƙa zubowa ta ɗinkin kamar rariya. Na ƙare a tantin Malam Isuhu, ya ba ni rigarsa ta sanyi ya zauna da 'yar shara. Bai zolaye ni ba a ranar, ya ga yadda haƙorana suke haɗuwa. Sai da muka dawo ya rama, kuma har yau bai gama ba.

To ka ga, sau biyu ina zama kaya a wuyan mutane, sau ɗaya don na ɗauka da yawa, sau ɗaya don na bar abin da bai kamata in bari ba. Akwai abubuwan da ko za su yi nauyi sai ka tafi da su. Rigar ruwa ta gaske, mai hula. Rigar sanyi guda mara nauyi, don an ce mini saman duwatsun can da sanyi ko a wannan lokaci, kuma damina ce. Tocilar goshi. Hular rana. Maganin ciwon ciki da na ciwon kai da filasta, ka ciro su daga kwalayensu ka zuba a 'yar leda. Ƙwayar tsaftace ruwa, kada ka sha na rafi don ka gan shi fari. Fasfonka a leda biyu, a jikinka. Tanti kuwa na ji kun ce ku biyu za ku haɗa ɗaya, to ku raba shi, wani ya ɗauki ƙarafa wani ya ɗauki yadin. Wanda na sayo maka ka bar shi. Amma ka ce wa abokin naka ya kafa nasa ya kwara masa ruwa tun a gida, ya shiga ciki ya duba ɗinkin. Rigar ruwanka na riga na gwada ta a banɗaki da buta, ba ta yoyo.

Zancen buta ya tuna mini. Ba sai ka ɗauke ta ba. Gorar ruwa ta roba mai ɗan tsukakken baki tana yin aikinta, ka ware ɗaya ka ɗaura mata zare don kada ta haɗu da ta sha. Dadduma mai kauri ma haka. Akwai siririya a aljihun shuɗiyar jakar, tana naɗewa ta koma kamar hankici. Kai matafiyi ne, Allah Ya sauƙaƙa maka, ka yi kasaru. Abin da ya shige maka duhu ka tambayi malamin masallacinmu gobe, ni ba malami ba ne. Ka dai gaya wa jagoranku tun farko cewa za ka riƙa tsayawa salla, don ya san inda kake. Na lura mutanen nan ba su damu ba in ka faɗa musu da wuri. Ɓacewa ba labari ce ba sa so.

Abinci shi ne ya fi ba ni tsoro, shi ya sa na cika maka gwangwani, ina gudun ka rasa halal ka zauna da yunwa. Amma gwangwani rabinsa ruwa ne da ƙarfe, kuma in ka cinye sai ka sauko da fankon. Kakanninmu da suka yi fatauci da ƙafa busasshen abu suke riƙewa. Ka ɗauki garin rogo da sukari da madarar gari, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙulin da aka kawo mana, da busasshen naman shanun da muke saya a shagon Musulmin nan na bayan tasha. Yaji kaɗan a ƙullin leda yana gyara ko farar taliya. Tukunya ɗaya ta ishe ku ku biyu. Cokali ɗaya, kofi ɗaya.

Ban sani ba ko duk abin da na faɗa daidai ne. Duwatsun da na hau ƙanana ne, naku ban taɓa ganinsu ba sai a hoto. Na duba abin da na rubuta bayan kowace tafiya, na ga sau da yawa abin da na tabbatar a bara shi nake warwarewa a bana. Saboda haka duk inda maganata ta saɓa da ta jagoranku, tasa za ka bi. In ya ce a juya, ka juya, ko da ƙololuwar tana gabanka.

Za ka ce, to Baba ya san duk wannan, me ya sa ya loda mini? Ni ma na tambayi kaina. Ranar da na shiga kasuwar Shahe sayayyar tafiyarka, duk rumfar da na wuce sai in ga wani abu yana samunka. In ga rigar sanyi, in gan ka kana rawar ɗari. In ga tocila, in gan ka ka ɓata. Sai in saya. Na dawo shago da buhu, Malam Isuhu ya leƙa ciki ya jujjuya kayan. Can ya ce, "Alhaji, tsoronka ne ka zuba a buhu. Yaron ga zai iya ɗaukar kayanshi, amma ba ya iya ɗaukar wanga." Na ji haushinsa ranar, na ce masa shi 'ya'yansa suna Maraɗi kusa da uwarsu, bai san abin da nake ji ba. Duk da haka na zo na jera maka. Sai jiya da ka dafa bango na yarda da shi.

Saura bargon da Ummanka ta aiko daga Kano. Na san shi ne ba za ka taɓa iya cirewa ba, don haka na kira ta ɗazu. Na ce mata bargon ba zai hau dutse ba.

"Wato ɗana ya kwana a daji ba mayafi?"

Na ce akwai jakar barci, irin wadda ake shiga ciki a ja zif, ta fi bargon ɗumi kuma ba ta kai rabin nauyinsa ba.

"Ni ban san wata jakar barci ba. Buhu za ka sa mini yaro?"

Na ce mata in ya tafi da bargon, to a bakin hanya za a bar shi, abokansa su tafi. Sannan ta tambaya ko kai ne ka ce ba ka so. Na ce ba ka ce ba, kuma ba za ka ce ba, ta san ɗan da ta haifa. Ta ce, "To a sa masa a akwatin makaranta. Amma ka gaya masa in ya isa ya shimfiɗa ya turo mini hoto." Ka ji sharaɗinta, ka cika.

Ga yadda za mu yi. Gobe zan fita kasuwa da wuri, ba zan dawo ba sai magariba. Na bar maka sikelin a bakin ƙofa. Ka zazzage jakar a tsakar ɗaki, ka ɗauki kowane abu ka tambayi kanka ko za ka yi amfani da shi kullum, ko kuma rashinsa zai iya jefa ka cikin hatsari. In ba ɗaya daga ciki, ka ajiye. Kada ka duba wanda ya saya. Abin da ka bari ka tura shi bayan ƙofa, ba zan duba ba, ba zan tambaye ka ba, kuma ba ka yi mini rashin kunya ba. Ni ne na umarce ka. Kayan ba za su lalace ba, ɗan kasuwa ne ubanka.

Jibi zan raka ka tasha. Ka bar ni in riƙe maka jakar daga gida har ƙofar da ake tsayar da 'yan rakiya, kada ka karɓe ko ka ga mutane suna kallo. Ina so in ji nauyinta a hannuna. In na iya kai ta can ban canza hannu ba, zan koma shago hankalina a kwance.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sauko da kai lafiya. Ya tsare ka daga santsi da ruwan sama da mugun abokin tafiya. Ya ƙarfafa maka gwiwa a hawa, Ya riƙe maka ita a gangara. Ya sa karatun da za ka fara ya zama mai albarka gare ka da mu baki ɗaya. Na yafe maka abin da na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe mini. Duk inda waya ta kama, ka kira Ummanka tukuna, ni zan ji daga bakinta.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sanusi